Baƙo da Mai Fenti: Wa Zai Tsaya a Tsakani?

Ina gaida mutanen Nguru. Ina gaida mutanen Gashuwa. Ina gaida na Jajimaji da ke tsakaninsu, da na Machina, da na Jakusko, da duk inda muryar nan ta kai. Gaisuwa ta musamman ga baƙin da ke zaune tare da mu. Sharhin yau a kansu yake, amma mu 'yan gari ma akwai rabonmu a ciki.

Abin da zan taɓo ƙarami ne a baki, amma yana hana mutum barci. Baƙo ya sauka a gari. Ya kama haya. Bango ya yi dauɗa, yana son fenti. Famfo na ɗiga. Ƙofar ɗaki ta ƙi kulluwa. Wa zai kira? In ya kira, nawa ya kamata ya biya? In ya biya, wa zai tabbatar masa aikin zai yi kyau?

Ga maganar da nake so ku riƙe tun yanzu. Baƙo ba ya rasa mai aiki a garuruwan nan. Masu sana'ar hannu sun cika gari, kuma mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halak. Abin da baƙo ke rasawa shi ne mai tsaya masa. Wato mutumin da ya san mai aikin, ya san gidansu, ya san ubangidan da ya koya masa sana'a, kuma in abu ya karkace zai aika a kira shi ya zo. Za ku ji ina maimaita wannan magana, domin ita ce gundarin sharhin.

To, bari mu fara da tambaya. Su wane ne baƙin nan?

Nguru ba yau ta saba da baƙo ba. Tun zamanin da Galadiman Borno ke zaune a wannan yanki, hanyar fatake ce. Da layin dogo ya iso daga Kano wajen 1930, ya kuma tsaya a nan, sai gari ya buɗe. Gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu suka riƙa bi ta tasha. Mutane suka kwararo daga Kano da Haɗeja, daga Damagaram, daga ƙasar Yarbawa da ta Ibo. Wasu cin rani ya kawo su, suka zauna har suka ga jikoki. Ka zaga Hausari ko Bulabulin, za ka sami gidajen da kakanninsu da ƙunshin kaya a ka suka shigo gari. Gashuwa ma haka. Fadar Mai Bade ce, a bakin kogin Yobe, gari na masunta da manoma da 'yan kasuwa daga ko'ina.

Yau kuma ga sababbin baƙi. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru tana kawo likitoci da ma'aikatan jinya daga sassan ƙasar nan. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ta kawo malamai da ɗalibai. Ga Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman. Ga matasa masu yi wa ƙasa hidima. Ga ma'aikatan banki da jami'an tsaro da ake yi wa canjin wurin aiki. Ga 'yan uwanmu na Nijar. Ga waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu, suka sami mafaka a wajenmu.

Bambancin baƙon da da na yanzu guda ɗaya ne. Baƙon da a gidan wani yake sauka. Yana da mai masauki tun daren farko. Baƙon yanzu da takardar kama aiki yake zuwa. Dillalin gidaje ya miƙa masa mukulli, ya karɓi la'adarsa, ya yi gaba. Daga nan ba shi da kowa.

Yanzu mu je ga yadda cutar ke shiga.

Ta farko kowa ya san ta. Farashi biyu. Akwai kuɗin ɗan gari, akwai kuɗin baƙo. Mai aiki ya yi sallama ya shigo. Kafin ya dubi bango, sai ya dubi mai gidan. Ya ji Hausarsa ba ta nuna ba. Ya ga mota a ƙofar gida, ko katin wurin aiki rataye a wuya. Nan take kuɗi ya tashi. Aikin da zai yi wa maƙwabcinsa a kan kaza, sai ya ninka. Shi kuwa baƙo bai iya ciniki irin namu ba. Bai san in an faɗi kuɗi ana jiran ya taya ba, a ce masa albarka, ya ƙara, har a sallama. Ko dai ya biya yadda aka yanka masa, ko ya fusata ya kori mai aikin. Duk biyun asara ce.

Amma ni a ganina tsada ba ita ce babbar cuta ba. Wanda aka tsauwala wa kuɗi aka kuma yi masa aiki mai kyau, sau ɗaya ya yi asara. Babbar cuta ita ce algus, domin ita sai an biya an watse take bayyana.

Ku zo mu tsaya a bayan mai fenti marar amana, mu ga yadda yake yi. An ba shi kuɗin bokiti uku na fentin ruwa, mai lita 20. Ya sayo biyu. Ko ya sayo ukun, amma bokitin ne kawai mai suna, abin da ke ciki na araha ne. Ya zagaya bayan gida ya buɗe murfi. Ya juye rabi a wani bokiti. Ya cika da ruwan rijiya, ya dama da sanda. Masu yin fenti sun yarda a ɗan sirka da ruwa kaɗan don ya bi rola, amma wannan ya wuce sirki. Ya shafa hannu ɗaya maimakon biyu. Bai kankare tsohon fenti ba. Bai toshe tsaga ba. Ko ƙurar hunturu da ke jikin bango bai kakkaɓe ba. Da la'asar ɗaki na ta sheƙi, domin ɗanyen fenti ba ya tona asiri. Mai gida ya dawo daga aiki, ya yi murna, ya cika kuɗi har da tukwici. Bayan mako biyu ya jingina da bango sanye da baƙar riga, ya tashi bayansa fari fat. Ya kira lambar mai fenti, a kashe. Ya tambayi maƙwabta, babu wanda ya san shi, domin a bakin titi ya tsince shi.

Akwai kuma wata matsala da ta fi damun garuruwanmu biyu, kuma ina so in ɗan daɗe a kanta. Ita ce danshi. Nguru da Gashuwa suna cikin yankin dausayin Haɗeja da Nguru. A unguwanni da yawa ruwa na kusa da doron ƙasa. Mutanen Gashuwa ba su manta da ambaliyar 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga gidaje ya kwana a ciki. Ko ba ambaliya, in ba a shimfiɗa leda ko wani abin tare ruwa a harsashin gini ba, bulo yakan tsotso ruwa daga ƙasa ya haura da shi sama. Ruwan na tafe da gishirin ƙasa. In ya bushe, gishirin ya fito kamar farin gari, ya ture fenti, ya ruɓar da filasta. Shi ya sa za ka ga gida daga gwiwa zuwa ƙasa duk ya ɓare, sama kuwa lafiya lau.

Ɗan gari ya san wannan. Baƙo bai sani ba. Yana ganin bango ya ɓare, sai ya ce a zo a yi fenti. A nan ake gane mai amana. Marar amana zai ce to, ya karɓi kuɗi, ya shafe. Fenti a kan danshi kuwa kamar shafa hoda ne a kan gyambo. Kafin damina ta fita ya sake kumbura.

Mai amana fa? Shi sai ya durƙusa. Ya ɗora tafin hannu a gindin bango ya ji sanyinsa. Ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya saurari inda filasta ta saki, domin amonta daban yake. Ya ciro mukulli ya ɗan karta, gari ya zubo. Sannan ya miƙe ya ce, «Maigida, in na shafa maka yanzu na ci kuɗinka a banza. A kankare wannan. A bar shi ya sha iska. A sake filasta da maganin ruwa. A gyara magudanar da ke jingine da bangon ta waje. Sabuwar filasta kuma sai ta yi kamar wata guda kafin ta karɓi fenti. Ka kira ni in kaka ta yi.» Wannan mutum ya bar kuɗin yau ya tafi gida hannu wofi. Irinsa suna nan a Nguru, suna nan a Gashuwa. Ba su da allon talla. Baƙo ba zai same su da kansa ba, sai an kai shi. Kun ga mun dawo kan maganarmu ta farko: mai tsaya masa.

In an bar fenti aka koma kan wuta, abin ya fi muni. Fenti marar kyau ido yake ɓata wa rai. Wayarin marar kyau kuwa gobara ce. Siririyar waya a inda ake buƙatar mai kauri, ko wayar da aka rina ta yi kamar jan ƙarfe alhali ba shi ba ne, duk a cikin bango ake binne su, ba mai gani. Yanzu da mutane suka koma ga sola, sai a haɗa wa mutum tsohon batir a ce sabo ne. A irin wannan aiki araha ba ta ado.

Kada kuma mu manta, mai gyara cikin gida yake shiga. Yana wuce zaure. Yana ganin ɗakin kwana, yana ganin inda ake ajiya. A al'adarmu ba kowane namiji ke ƙetare zaure ba. Ku tuna da ma'aikaciyar jinya da ke zaune ita kaɗai, ko yarinya mai hidimar ƙasa da iyayenta ke can Kudu. Ita ko ba a cuce ta a kuɗi ba, tana buƙatar sanin wanda ta buɗe wa ƙofa.

To, jama'a, a nan zan juya. Adalci ya sa mu ji ta bakin masu aikin, domin su ma suna da kuka, kuma kukansu gaskiya ne.

Mai fenti zai ce maka shi ma tsoron baƙo yake ji. Ɗan gari in ya riƙe masa ciko, ya san gidansu, ya san yayansa, zai kai ƙara wurin mai unguwa. Baƙo fa? Ana yi masa canjin wurin aiki ya kwashe kaya da asuba. Ina za a bi shi? Leburan da aka ɗauka kuwa da yamma suke son kuɗinsu, ba ruwansu da an biya ko ba a biya ba. Wani ya gama aiki tsaf, sai a fara yi masa zo gobe, zo jibi, sai an yi albashi. Wani kuma a tsakiyar aiki za a ce a ƙara da kicin, a ƙara da katanga, amma kuɗi na nan yadda aka yi jinga.

Ga kuma kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira ta kuma faɗi, kayan gini ba su zauna wuri ɗaya ba. Yawancin fenti da tayil da kayan famfo daga Kano ake ɗauko su, kuɗin mota na kansu. Mai aiki ya yi maka lissafi yau. Ka riƙe takardar wata biyu. Ranar da ka shirya, kuɗin ba sa sayen kayan. In ya ce a ƙara, ka ce ɓarawo ne. In ya yi shiru, sai ya rage a inda ba ka gani. Ba ina wanke mai ha'inci ba ne. Ha'inci ha'inci ne. Amma wanda ya matse mai aiki har ya rasa abin kai wa gida, shi ma da hannunsa a cikin lalacewar aikin.

Kun ga ke nan tsoron ta ɓangare biyu yake. Baƙo na tsoron a cuce shi. Mai aiki na tsoron a gudu da haƙƙinsa. Kowa ya ja daga. Mai tsayawa a tsakani duka biyun yake karewa.

Yanzu bari mu waiwaya baya, domin iyayenmu sun riga mu warware wannan matsala.

A zamanin fataucin goro da shanu, Bahaushe kan yi tafiyar watanni zuwa garin da bai san kowa ba. Ya je Salaga, ya je Kumasi, ya je Sabo a Ibadan. Yana isa zango sai ya sauka a gidan fatoma. Fatoma ne zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye. In an sayi kaya bashi, fatoma ne ke tsayawa. In mai saye ya ƙi biya, sunan fatoma ne ya ɓaci, kuma baƙi za su daina sauka a gidansa. Don haka ba ya haɗa baƙonsa da mutumin banza. Har gobe a karar shanu haka ake yi. Ba ka sayen saniya a hannun wanda ba ka sani ba sai da dillalin da zai ce ya san asalin dabbar.

Masu sana'a ma ba a bar su sakaka ba. A manyan biranen ƙasar Hausa akwai Sarkin Magina, akwai Sarkin Maƙera. A Zariya har yau ana tunawa da Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin a ƙarni na 19. Magini a wancan tsari yana da uba a sana'a. In soro ya rushe, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Yaro ba ya karɓar aiki da sunansa sai ubangidansa ya yaye shi. Yau yaro ya riƙe wa wani bokiti wata uku, ya sayi rola da buroshi, shi ke nan ya zama mai fenti.

Ƙasashen da muke ganin sun ci gaba ma ba su bar abin ga sa'a ba. A Jamus, mai fenti ba ya buɗe shagon kansa sai da shaidar ƙwarewa, ko ya ɗauki wanda ke da ita. A Ingila doka ta hana kowa karɓar aikin gas na gida sai mai rajista. Mu ma a nan Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na ba da takardar gwajin sana'a mai mataki uku. Amma mu faɗi gaskiya, a Nguru ko Gashuwa mutum nawa ne ke tambayar mai gyaran famfo takarda? Abin da ke aiki a wajenmu shi ne mutunci. Mutum na jin kunyar limaminsu, yana jin nauyin ubangidansa. Da wannan za mu yi aiki, tunda shi ne a hannunmu.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta cewa in za a ɗauki mutum aiki, a san aikin, a san ladan, tun kafin a fara. Babu zancen «yi kawai, ba za mu ɓata ba». Wannan kalma ta raba zumunci da yawa. Sun kuma ce mai sana'ar da ya ɗauki kayanka ya tafi da su shagonsa, in sun salwanta a hannunsa, shi ke da alhakin biya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kafin alƙalamin da ka ba mai aiki nauyi ne a wuyansa. Cikon da ya rage bashi ne a wuyanka. Rubutawa ba rashin yarda ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani mai tsanani a kan algus, ya kuma yi umarni a gaggauta biyan ma'aikaci haƙƙinsa. Kowane ɓangare an ja masa kunne.

To, yanzu ga maganata gare ka, baƙonmu, da ke, baƙuwarmu.

Kada ka fara da tambayar kuɗi. Fara da tambayar wa ya san mai aikin. Matambayi ba ya ɓata. Tambayi mai gidan da kake haya. Tambayi abokin aikinka da ya daɗe a gari. Tambayi limamin masallacin unguwa, ko shugabannin cocinku in kai Kirista ne. Je ka gaida mai unguwa, ko ba ka da wata buƙata, don ya san da zamanka. In an ba ka suna, ka ce a nuna maka aikin mutumin. Kada ka je ganin na jiya. Nemi wanda damina ta riga ta bi ta kansa. Shafa bangon da hannunka, ka dubi tafinka.

Sannan ka raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. Ku je shago tare, ko ka sayo da kanka. A buɗe bokiti a gabanka. Ku yi magana a kan hannu nawa za a shafa, wa zai kankare, wa zai share ɗigon fenti a tayil da gilashin taga. Ku rubuta a takarda, ko da Hausa, ko da ajami, kowa ya riƙe tasa, mai tsaya muku ya shaida. Kada ka ba da kuɗi duka a farko. Kada kuma ka hana kafin alƙalami, domin mai aiki ma da iyali. Ka riƙe wani abu sai fenti ya bushe ka duba da rana tsaka. In aiki ya yi, ka biya a ranar. Kada ka bari ya kwana.

Sai dai a yi hattara, don ba kowane mai cewa «na san wani» ne mai tsaya maka ba. Akwai ɗan kamasho. Shi zai kawo maka mai aiki, ya zagaya ya ce a ɗora masa nasa a kan kuɗinka. In aiki ya ɓaci, ya ce shi haɗa ku kawai ya yi. Yadda za ka gane na gaskiya shi ne ka tambaye shi kai tsaye: in abu ya lalace, za ka zo mu zauna? Wanda ke da mutuncin da yake tsoron zubarwa zai ce e, kuma zai zo.

Akwai wani baƙo da ban ambata ba, kuma shi ne ya fi ba ni tausayi. Ɗan gari ne, amma yana nesa. Yana Saudiyya, ko Legas, ko Fatakwal, ko Abuja. Yana tara gumi yana aikowa a gina masa gida. Ana turo masa hoto ta WhatsApp, bangon gaba fes. Ranar da ya dawo hutun Sallah ya zagaya baya, ko filasta babu. Abin baƙin ciki, sau da yawa ba mai aikin ne ya ci kuɗin ba. Ɗan uwan da aka damƙa wa amana ne. Shawarata ga na nesa ita ce, mai riƙe kuɗi daban, mai duba aiki daban. A biya mataki mataki. A kira ka ta bidiyo a zagaya da kai ɗaki ɗaki. Kai kuma ɗan uwa da aka ba amana, ka ji tsoron Allah. Ba ka san irin ranar da ya sha kafin ya turo kuɗin nan ba.

Daga ƙarshe, jama'a, ga kirana ga masu iko da abin.

Ƙungiyoyin masu sana'a, na magina da kafintoci da masu fenti da masu wayarin, ku sa baƙo ya san inda ofishinku yake. Ku ba 'ya'yanku katin shaida. Wanda ya ci amana ku hukunta shi da kanku, kafin ya shafa wa sauran baƙin jini. Manyan ma'aikatu da ke karɓar baƙi, asibiti da jami'a da kwaleji, ba abu ne mai wuya ba ƙungiyar ma'aikata ta ajiye sunayen masu aikin da aka gwada aka gamsu, a miƙa wa duk sabon zuwa. Masu unguwanni da dagatai, ku ne iyayen baƙo. Masarautun Nguru da Bade kuwa, kalma ɗaya daga fada a kan farashi biyu za ta yi nisa.

Abin ya shafe mu duka. Likitan da aka cuta a watansa na farko, zuciyarsa ta fara neman canji. Malamin jami'a da ya ji daɗin zama, shi ne zai sayi fili ya yi gini, ya ba matasanmu aikin shekara guda. Garuruwanmu na nesa da manyan birane, kuma ba kowane ƙwararre ke yarda ya zo ba. Wanda ya zo, bai kamata mu kore shi a kan bokitin fenti ba.

Ku masu sana'a, 'yan uwana, baƙo ɗaya da ka riƙe da gaskiya zai kai ka gidan abokan aikinsa duka. Faɗa masa kuɗin da za ka faɗa wa maƙwabcinka.

Kai kuma mai sauraro, ɗan gari, da kai zan rufe. Na san akwai baƙo a layinku. Gobe in Allah Ya kai mu, ka yi masa sallama. Ka tambaye shi ko akwai gyaran da ya dame shi a gida. In akwai, ka kira mai aikin da kai kanka ka yarda da shi, ka kawo shi har ƙofa. Ka ce masa a gaban baƙon, «Wannan baƙona ne, abin da za ka yi mini shi za ka yi masa.» In an gama aiki, ka leƙa ka gani, ka kuma tabbatar an biya mai aikin haƙƙinsa. Ka zama mai tsaya masa.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu zaman lafiya da baƙinmu.